Keken Baba: Daga Fadar Sarkin Sifaniya Zuwa Dokin Ƙofar Gidanmu

Yau ba maganar zaɓe ko katin jam'iyya za mu yi ba. Maganar keke za mu yi, irin wanda muke kira keken guragu, sunan da mahaifina ya tsana tun ranar da likita ya ce sai da shi.

Bara da azumi Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki. Hannun hagu da ƙafar hagu suka daina ɗauka. Da aka sallame mu, ni da yayana muka shiga wani shagon kayan asibiti, muka nuna keke mai ƙyalli, mai shago ya ce ai duk ɗaya ne, muka biya muka naɗe shi muka jefa a but. Ko awon Baba ba mu yi ba. Wallahi ban san ana awo ba, ni da nake ta ɗaga murya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman.

Sati uku ba a yi ba Baba ya fara karkacewa gefe guda kamar buhun da ba a cika ba. Yana zama sai ya riƙa zamewa gaba. Sai wata safiya Umma ta kira ni gefe, ta ce fatar mazauninsa ta yi ja, ta fara saɓulewa. A daren nan na kasa barci, na shiga karance-karance, kuma abin da na tarar shi ne na kawo muku.

Kujera mai taya tsohuwar aba ce, domin akwai zanenta a jikin dutse a ƙasar Sin tun ƙarni na 6. Amma wadda aka fi sani ita ce ta Sarki Philip na Biyu na Sifaniya, wadda aka ƙera masa a 1595 lokacin da ciwon gaɓoɓi ya hana shi tafiya. Ku lura da abin da aka sa mata: wurin ɗora hannu, wurin miƙe ƙafa, da majinginar da ake iya kwantarwa. Wato sama da shekara 400 da suka wuce, wanda ya yi wa sarki kujera jikin sarkin ya fara dubawa. Tayoyinta ƙanana ne, sai bara ya tura, amma sarki ai ba ya rasa mai turawa.

Wanda ya fi burge ni shi ne Stephan Farfler, wani matashi mai gyaran agogo a kusa da Nuremberg ta Jamus. Ba ya iya tafiya, ba shi da barori. A 1655, yana ɗan shekara 22, ya haɗa wa kansa keke mai ƙafa uku da ake murzawa da hannu. In kun taɓa ganin kekunan da waɗanda shan inna ya taɓa suke waldawa da kansu a Kano, to kun ga jikokin keken Farfler.

Shi kuwa wanda muka saya wa Baba, asalinsa daga Amurka ne. Herbert Everest injiniya ne da ya karye a baya a haɗarin haƙar ma'adinai. Shi da abokinsa Harry Jennings suka fitar da keken ƙarfe mai naɗewa a 1933, saboda Everest yana son abin da zai shiga mota. Dabara ce babba. Sai dai don keke ya naɗe, dole mazauni da majingina su zama na leda ko tamfol, kuma leda tana lotsawa. Mai ƙarfin jiki da za a kai daga ɗaki zuwa mota ba ruwansa. Dattijon da ɓarin jikinsa ba ya riƙe shi, kuma zai wuni a kai, shi ne zai ji a jikinsa. Samfurin 1933 ɗin nan shi ake ta kwaikwaya har gobe, shi ne ya cika shagunanmu.

Batun gyambon zama kuma, a nan na tsorata. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, yawancin waɗanda suka samu rauni a laka ba sa daɗewa, kuma gyambon kwanciya da ciwon mafitsara ne ke kashe su. Dakta Ludwig Guttmann, wanda ya gudo daga Jamus zuwa Ingila, ya buɗe sashensu a asibitin Stoke Mandeville a 1944, ya kafa dokar a riƙa juya majinyaci duk bayan awa biyu, dare da rana. Mutane suka fara rayuwa. Gasar harbin baka da ya shirya musu a 1948 ita ce ta zama tushen wasannin Olamfik na nakasassu. Mu kuwa mun bar Baba awa shida a kan leda, muna ganin gata muke yi masa.

A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin ba da keke a ƙasashe irin namu. Ta ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 100 na buƙatarsa, ta kuma ce keken da ya dace shi ne wanda ya yi daidai da jikin mai shi, ya riƙe masa zama, ya dace da inda yake rayuwa, kuma ana iya gyara shi a garin. Wannan na ƙarshen ku riƙe shi. In tayar keke ta lalace kuma mai faci na bakin titi bai san kanta ba, an gama.

Da muka koma wurin likitar gashin ƙashi, tef ta ɗauko kamar tela. Ta auna faɗin ƙugunsa, ta ce namu ya yi masa yawa, shi ya sa yake karkata. Ta ce a bar tazarar yatsu biyu zuwa uku tsakanin bakin mazauni da bayan gwiwa. Ta daidaita matakin ƙafa, ta sa a nemo matashin zama na musamman da majingina mai tauri, da faffaɗan abin ɗora hannun da ya shanye. Sannan ta tambaye ni, tsakar gidanku siminti ne ko yashi? Yashi ne. Ta ce to ƙananan tayoyin gaba sirara nutsewa za su yi, a nemi masu kauri.

Mun samu, bayan yawo. Baba dai har yanzu ba ya yarda a ce keken guragu, "motata" yake cewa. Birkila ya fasa dokin ƙofar zaure ya yi mana gangara, kuma a nan na koyi cewa duk inci ɗaya na tudu yana son inci 12 na tsawo, in ba haka ba mai turawa zai sha wahala.

Abin da ya rage shi ne masallacin unguwa. Shekara talatin Baba yana sahun farko, yanzu matakala uku ce ta tsaya tsakaninsa da shi. Dokar hana nuna wa nakasassu wariya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024, ku zagaya sakatariyar ƙaramar hukumarku ku gani da idonku. Mu dai ba mu jira kowa ba. Na yi wa Liman magana, ya ce a kawo lissafi. Buhun siminti huɗu ne da yashi, matasan layinmu sun ɗauki biyu. Ranar Asabar bayan La'asar za mu zauna da kwamiti kan sauran biyun.