Malamin da ya zauna ya koyi ilimin 'yan Hindu

 Mu Indiya a fim muka san ta: rawa, waƙa, soyayya. Ka tambayi matashi me 'yan Hindu suka yarda da shi, zai ce maka saniya suke bauta wa, shi ke nan.

Shekara dubu da ta wuce wani malami Musulmi bai tsaya nan ba. Abu Raihan Albiruni ke nan, wanda aka haifa a 973. A 1017 Sarki Mahmud na Gazna ya tafi da shi fadarsa. Sarki yana kai wa Indiya hari yana kwaso ganima, shi kuwa malam ya duƙufa koyon Sanskirit, harshen littattafansu. Wajen 1030 ya kammala littafinsa da Larabci. Ya ce masu iliminsu Ubangiji ɗaya suka sani, marar farko marar ƙarshe, gumaka na gama-gari ne. Bai kuma ɓoye ba cewa hare-haren sarkinsa sun ƙara musu ƙin Musulmi. Ni wannan ƙarfin halin ne ya fi burge ni.

To me falsafar take cewa? A tsofaffin littattafansu, Upanishad, ainihin mutum ba jikinsa ba ne, ba sunansa ba, ba tunaninsa ba. Wannan ainihin suna kiran sa Atman, gaskiyar da komai ya dogara a kanta kuma Brahman. Misalinsu gishiri a ruwa: ba ka ganin sa, amma ko ta ina ka kurɓa za ka ji shi. Malaminsu Shankara ya ce biyun abu ɗaya ne, jahilci ne ya raba su, kamar mai ganin igiya da magariba ya zabura ya ce maciji. Ba sanda yake buƙata ba, fitila. Ramanuja, da ya zo bayansa, ya ce a'a, rai daban yake da Ubangiji ko da yana jingine da shi. Kun ga su ma ba bakinsu ɗaya ba.

Ni a aƙidata bawa daban, Mahalicci daban. Amma gara in san abin da na ƙi.

Ba kowa ya sha lafiya kamar Albiruni ba. Yarima Dara Shiko, ɗan Sarki Shah Jahan mai Taj Mahal, ya fassara Upanishad zuwa Farisanci a 1657. A 1659 ƙanensa Aurangzeb, da suke rikicin sarauta, ya sa aka yanke masa hukuncin ridda, aka kashe shi a Delhi.