DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI: TARIHIN ƘAMUSUN OXFORD

Duk wanda ya karanta wasannin Shakespeare a aji biyar ya san wuyar tsohon Turanci. Ɗalibi zai ga "wherefore" ya ɗauka "ina" ake nufi, alhali ma'anarta "don me". To, 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai, su wa suka adana mana ma'anonin irin waɗannan kalmomi?

A 1755 Samuel Johnson ya fitar da ƙamusunsa mai kalmomi fiye da 42,000. Bayan ƙarni guda, a 1857, wata ƙungiyar masana harshe a Landan ta ga ƙamusoshin da ke hannu sun gaza. Ta ƙudiri tattara kalmomin Turanci, rayayyu da matattu, kowace da tarihinta.

A 1879 aka ɗora wa James Murray wannan nauyi. Malamin makaranta ne wanda ya bar aji yana ɗan shekara 14. Sai ya roƙi jama'a su karanta tsofaffin littattafai, su rubuto masa jimlolin da kalma ta fito ciki a 'yan guntayen takardu. Takardu suka yi ta kwararowa har miliyoyi. An zaci shekara 10 za ta wadatar, amma kashin farko da ya fito a 1884 ya tsaya ne a kalmar "ant", wato tururuwa! Murray ya rasu a 1915 bai ga ƙarshen aikin ba. Sai a 1928 aka kammala, da kalmomi fiye da 400,000. Bugu na biyu ya fito a 1989 cikin juzu'i 20.

Wannan aiki ya nuna kalma ma tana sake riga. A da "nice" na nufin wawa, "silly" kuwa mai albarka. "Meat" kowane irin abinci ne, "girl" kuma yaro ne ko yarinya. Wanda bai san haka ba zai yi wa tsohon littafi mummunar fahimta.

Wasu kalmomin da suka tsufa a Ingila suna nan a bakinmu. Sule daga "shilling" ya fito, sisi daga "sixpence". Birtaniya ta canja lissafin kuɗinta a 1971, Nijeriya ta koma naira da kwabo a 1973, amma har yau Bahaushe na cewa ba shi da ko sisi.

Namu fa? Bargery ya wallafa ƙamusun Hausa a 1934 da kalmomi kimanin 39,000. Amma yaro nawa ne yau ya san "zambar" dubu ce, ko "keso" wuri 20,000 ne? Jama'ar Murray masu karatu ne kamarmu. Kowannenmu yana da tsoho a gida. A nemi littafi da biro, a je a durƙusa gabansa tun yana da rai.