Digirin Kasuwanci Ko Jari?

'Yan'uwana mata, tun da aka yanko Jigawa daga jihar Kano a ranar 27 ga Agusta, 1991, Dutse ta zama garin ma'aikata. Ofisoshi suka cika, bankuna suka buɗe rassa, takarda ta yi daraja. Daga nan aka soma jin ma'aikata, maza da mata, suna bin hanyar Kano kowane ƙarshen mako don yin digiri na biyu a fannin kasuwanci a Jami'ar Bayero, wanda ake ce wa MBA. Sai a 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutse, a 2013 kuma aka kafa ta jiha a Kafin Hausa.

Shi dai wannan digiri a Amurka aka ƙirƙiro shi, a Jami'ar Harvard, shekarar 1908, don horar da masu tafiyar da manyan kamfanoni. To a wannan lokacin Alhassan Ɗantata yana can yana fataucin goro tsakanin Kano da ƙasar Gwanja. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai ya kama gyaɗa, har ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Makarantarsa ita ce hanya da kasuwa. Haka iyayenmu mata suka koya a cikin gida, daga ƙuli-ƙuli da man gyaɗa zuwa adashe, ba allo ba alli, amma ko sisi ba ya ɓace musu.

Sai dai kar a ce na raina boko, Allah Ya kiyaye. Aliko Ɗangote, jinin Ɗantata ne ta wajen uwa, a nan Birnin Kudu ya yi sakandare, ya wuce Azhar ta Masar. Kuma shi ne ya gina wa Bayero makarantar koyon kasuwanci, aka buɗe ginin a 2018. Wanda ya gaji kasuwa bai zuba dukiyarsa a nan a banza ba.

Ni a nawa ganin, ki fara duba inda kika dosa. In ma'aikaciyar banki ce ke ko ta gwamnati, takardar tana iya ɗaga ki, musamman in wurin aikin ne zai biya. In kuwa dabinon Dutse kike sarowa, ko riɗi da zoɓo daga kasuwar Shuwarin, to ki zauna ki yi lissafi. Kusan shekara biyu ne fa, ga kuɗin makaranta, ga na mota, ga wanda zai riƙe yara ranar Asabar, ga girki in kina da abokiyar zama. Kuma dole sai da digirin farko ko makamancinsa a hannu. Wannan kuɗin da kansa jari ne, wallahi.

Abin da na ga yana karya matanmu shi ne bashi da haɗa kuɗin cefane da na sana'a a jaka ɗaya. Wannan kam littafin rubutu ɗaya da biro sun isa su fara gyara shi, kafin a kai ga zancen jami'a.