Sinadarin testosteron da neman dawo da ƙarfin samartaka

A ƙasashen yammacin duniya, musamman Amurka, maza masu hannu da shuni da suka haura shekaru 40 na ƙara rungumar ɗaga ƙarfe da tsarin abinci na musamman da kuma yawan awon jini, domin jinkirta tsufa.

Da yawa daga cikinsu kuma ba a nan suke tsayawa ba, suna haɗawa da allura ko man shafawa na sinadarin testosteron. A shekarar 2023, Robert F. Kennedy Jr, wanda ya zama sakataren lafiya na Amurka a 2025, ya bayyana cewa yana amfani da shi.

Mene ne testosteron?

Testosteron sinadari ne da jikin namiji ke samarwa, akasari a cikin 'ya'yan maraina, bisa umarnin ƙwaƙwalwa. Shi ne ke sa muryar yaro ta buɗe idan ya balaga, gemu ya fito, tsoka da ƙashi su yi ƙarfi. Yana kuma da hannu a sha'awa da samar da ƙwayoyin haihuwa.

Yawansa kan fara raguwa da kimanin kashi 1 cikin 100 a kowace shekara, tun daga tsakanin shekaru 30 zuwa 40. Likitoci na kallon hakan a matsayin ɗabi'ar jiki.

Asalin lamarin

A shekarar 1889, wani shahararren likita a birnin Paris, Charles-Édouard Brown-Séquard, yana ɗan shekara 72, ya yi wa kansa allurar ruwan da ya tace daga marainan karnuka da ɓerayen masar, ya kuma ce ƙarfinsa ya dawo. Masana daga baya sun nuna cewa sinadarin da ke cikin ruwan bai kai ya yi wani tasiri ba.

Sai a 1935 aka ware sinadarin, aka kuma haɗa shi a ɗakin gwaje-gwaje. Adolf Butenandt da Leopold Ruzicka, waɗanda suka yi aikin haɗa shi, sun samu lambar yabo ta Nobel a 1939.

Kasuwar ta buɗe sosai ne a shekarar 2000, lokacin da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da man shafawa mai suna AndroGel. Tallace-tallace a gidajen talabijin suka riƙa danganta gajiya da raguwar sha'awa da ƙarancin sinadarin. Tsakanin 2001 da 2011, yawan Amurkawa 'yan shekara 40 zuwa sama da ke amfani da shi ya ninka sau uku.

Wa ya kamata a bai wa?

A 2015 hukumar FDA ta ja hankali cewa ta amince da maganin ne ga waɗanda wata cuta ta hana jikinsu samar da sinadarin, kamar lalurar maraina ko ta ƙwaƙwalwa. Ba ta amince da shi domin tsufa kaɗai ba.

Ƙa'idar likitoci ita ce a auna jinin mutum sau biyu a ranaku daban-daban, kuma da safe, lokacin da sinadarin ya fi yawa, sannan a tabbatar yana da alamun lalurar. Sai dai masu suka na cewa wasu asibitocin kuɗi da masu sayarwa ta intanet ba sa bin wannan ƙa'ida.

Illoli

Babbar illar da maza da dama ba su sani ba ita ce ta haihuwa. Idan sinadarin ya shiga jiki daga waje, ƙwaƙwalwa kan ɗauka ya wadata, sai ta daina ba maraina umarni. Daga nan ƙwayoyin haihuwa su ragu ƙwarai ko su ɗauke, maraina kuma su ƙanƙance. Bayan daina maganin, akan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara, kafin su farfaɗo.

Haka kuma yana sa jini ya yi kauri, yana kuma iya ƙara hawan jini.

Game da zuciya, wani babban bincike mai suna TRAVERSE da aka wallafa a 2023, kan maza fiye da 5,000 'yan shekara 45 zuwa 80 masu ƙarancin sinadarin, ya gano cewa maganin bai ƙara haɗarin bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba. Amma an samu ƙarin masu fama da rikicewar bugawar zuciya da daskarewar jini a huhu. Binciken bai shafi masu lafiya da ke ɗirka wa kansu sinadarin domin tara ƙwanji ba.

Hanyar da ba ta buƙatar allura

Ƙiba da ciwon suga da ƙarancin barci duk suna rage testosteron, kuma rage ƙiba kan ɗaga shi. Wani bincike a Jami'ar Chicago a 2011 ya nuna cewa samarin da suka yi mako guda suna barcin sa'o'i 5 kacal a dare, sinadarin ya ragu a jikinsu da kashi 10 zuwa 15 cikin 100.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta buƙaci manya su riƙa motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, kamar tafiya da sauri, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako.