Majalisu Huɗu a Ƙasa Ɗaya: Tarayyar Kamaru, 1961 zuwa 1972

Matasan Kaele da Garwa da yawa ba su san Kamaru ta taɓa zama tarayya ba, kamar yadda Najeriya take a yau. An kafa tarayyar ce ranar 1 ga Oktoba, 1961, bayan taron Fumban, da jihohi biyu: Kamaru ta Gabas, wadda Faransa ta mulka, da Kamaru ta Yamma, wadda ta fito daga hannun Ingila.

Majalisu huɗu aka yi. Ta tarayya a Yawunde tana da wakilai 50, wato 40 daga Gabas, 10 daga Yamma. Ita ke yin doka kan tsaro, harkokin waje, kuɗi da ilimi mai zurfi. Jihar Gabas tana da tata majalisa mai kujeru 100, jihar Yamma mai kujeru 37, ga kuma majalisar sarakuna a Buya. Abin da ya rage ne jihohi ke yi wa doka, irin su makarantun firamare da ƙananan hukumomi.

Don kada masu yawa su danne marasa yawa, tsarin mulki ya tanadi kariya. In aka mayar da wata doka majalisar tarayya don karatu na biyu, ba za ta wuce ba sai ta samu rinjaye a cikin wakilan kowace jiha. Ke nan mutum goman Yamma suna iya taka birki.

To, ina Arewa? Ba ta da jiha, ba ta da majalisa. Daga Ngawundere har tafkin Chadi duk cikin jihar Gabas aka zuba, alhali a maƙwabta Kaduna tana da majalisar dokoki da ta sarakuna. Shugaba Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa, ya raba ƙasar yankuna shida, kowanne ƙarƙashin sufeton tarayya da ke karɓar umarni daga gare shi. Na Arewa a Garwa yake zaune.

Abu uku suka raunana majalisun. Manyan hanyoyin shigar kuɗi, musamman kwastan, suna hannun tarayya, jihohi kuwa sai jiran tallafi. Shugaban ƙasa ke naɗa firaministan jiha; haka a 1968 Ahijo ya sauya Augustine Jua da Solomon Muna. Sannan tun 1966 jam'iyya ta koma ɗaya tak, UNC. Ɗan majalisar da kujerarsa ke hannun shugaban jam'iyya, da wane baki zai ƙi doka?

Ranar 20 ga Mayu, 1972, ƙuri'ar raba-gardama ta rusa tarayyar, majalisun jihohi suka watse.

Yau Kaele tana da wakilai a majalisar yanki da ke Marwa, wadda aka fara zaɓa a Disamban 2020, da kujeru 90, 20 daga ciki na sarakuna. Mai son auna ƙarfinta, ya fara tambayar wa ke riƙe da jakar kuɗinta.