TARIHIN GANO INSULIN, ƊAN AIKEN DA KE BIN JINI

 Yawancinmu yanzu furfura ta kama mu, kuma da wuya a yi taron ƙungiya ba a ji wani ya ce a zuba masa shayi ba sukari ba. Wannan ne ya sa na ga ya dace in ba mu tarihin yadda aka gano maganin ciwon sukari.

A da, masana sun ɗauka cewa jijiyoyi ne kaɗai ke kai saƙo tsakanin gaɓoɓin jiki. A 1902 ne wasu Turawan Ingila biyu, Bayliss da Starling, suka nuna a Landan cewa hanji na zuba wani sinadari cikin jini, jini kuma ya kai shi ga fankiriyas, wato gaɓar da ke kwance bayan tumbi, ya sa ta fitar da ruwan narka abinci. A 1905 Starling ya raɗa wa irin waɗannan 'yan aike suna homon. Gaɓa ɗaya ce ke yin homon, jini ya ɗauke shi, wata gaɓa mai nisa ta karɓi umarni.

Tun 1889 von Mering da Minkowski suka cire wa wani kare fankiriyas, sai ciwon sukari ya kama shi. Daga nan aka san cewa asirin yana cikin wannan gaɓa, amma aka yi shekara talatin da ɗoriya ba a iya tatso shi ba. A wancan zamani, in ciwon ya kama yaro, iyakar abin da likita zai yi shi ne ya ƙayyade masa abinci, yaron ya yi ta ramewa har rai ya yi halinsa.

A 1921, a Jami'ar Toronto ta Kanada, likita Frederick Banting da ɗalibi Charles Best suka tatso sinadarin a ɗakin binciken Farfesa Macleod, suka gwada shi a kan karnuka, sukarin jininsu ya sauka. James Collip ya tace shi, sannan a Janairun 1922 aka yi wa wani yaro, Leonard Thompson, allurarsa, ya farfaɗo. Wannan shi ne insulin. Aikinsa shi ne buɗe wa sukari hanya ya bar jini ya shiga tsoka, ko hanta ta adana shi. A 1923 Banting da Macleod suka sami Kyautar Nobel. Banting ya raba kuɗinsa da Best, Macleod kuma da Collip. Daga fankiriyas ɗin dabbobi aka riƙa samo shi, sai a 1982 aka fara sayar da irin na ɗan Adam wanda ƙwayoyin bakteriya ke samarwa.

Abin lura a nan, ciwon da ya fi kama manya irinmu yakan zo ne a ɓoye: insulin yana nan, amma jiki ya daina jin kiransa sosai. Yawan ƙishirwa, da yawan fitsari, da rama ba dalili, alamu ne da ba a wasa da su. Tun da rigakafi ya fi magani, ina roƙon kowannenmu ya je asibiti a auna masa jini kafin taronmu na gaba. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, amin.