Me ya sa sabuwar na'urar gem ke ƙin tsohon faifai? Lissafin da ke bayan PlayStation 3 da takwarorinta

A watan Nuwamba na 2006 kamfanin Sony na Japan ya fito da na'urar wasan bidiyo ta PlayStation 3. Wanda ya saye ta a farkon fitowarta yana iya zura mata faifan PlayStation 2 ya ci gaba da wasansa. Shekara guda bayan haka sai aka fito da wani samfuri mai sauƙin kuɗi, suna ɗaya, siffa kusan ɗaya, amma idan aka ba shi wannan faifan ba ya ko kallonsa. Ba lalacewa ya yi ba. Kamfanin ne ya zauna ya yi lissafi, ya cire wasu sassa daga cikinsa.

Wannan siffa, wato sabuwar na'ura ta iya gudanar da wasannin da aka yi wa wadda ta gabace ta, ita ce a nan za mu riƙa kira karɓar tsofaffin wasanni. Masu talla kan nuna ta kamar wata kyauta ce da kamfani ke yi wa abokan cinikinsa. A zahiri shawara ce da ake yankewa tun a teburin injiniyoyi, shekaru kafin na'urar ta isa kasuwa, kuma tana gogayya da farashi, da ƙarfi, da zafi, da yawan wutar da na'urar za ta sha.

Inda matsalar take

Wasan bidiyo jerin umarni ne da aka rubuta wa takamaiman furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi a cikin na'ura. Kowane dangin furosesa yana da harshensa. Wasan da aka rubuta da harshen MIPS, kamar na PlayStation 2, furosesar dangin PowerPC ko x86 ba za ta gane shi ba. Abin bai tsaya ga harshe kaɗai ba. Masu rubuta wasannin na'urorin gem sun san cewa kowace na'ura irin ɗaya ce da 'yar'uwarta, don haka sukan jingina da ainihin saurinta, har da 'yan kurakuranta, domin su tatso duk ƙarfin da ke cikinta. Da zarar an sauya saurin, sai wasa ya rikice ko ya tsaya cak.

Mai ƙira yana da hanyoyi uku. Ko ya dasa sassan tsohuwar na'ura a cikin sabuwa, ko ya rubuta manhajar kwaikwayo da za ta riƙa fassara umarnin nan take, ko kuma ya ƙi barin dangin furosesar da yake kai tun farko. Ta farko tana cin kuɗi a kan kowace na'ura da aka ƙera. Ta biyu tana buƙatar sabuwar na'ura ta ninka tsohuwar ƙarfi sau da yawa, ga kuma aikin gwada wasanni ɗaya bayan ɗaya. Ta uku tana ɗaure hannun mai ƙira.

Dabarar PlayStation 2

PlayStation 2, wadda ta fito a Japan a watan Maris na 2000, ta bi hanya ta farko cikin hikima. Sony ya ɗauko furosesar PlayStation ta farko ya sanya ta a sabuwar na'ura a matsayin ƙaramar ma'aikaciya, mai kula da abin riƙewa na hannu da katin adana wasa da na'urar karanta faifai. Idan aka zura tsohon faifai, sai wannan ma'aikaciya ta koma kan kujerarta ta dā ta gudanar da wasan. Da yake dama ana buƙatar wani aisi ya yi wancan ƙaramin aiki, kuɗin da aka ƙara bai taka kara ya karya ba. Kamfanin Sega ma ya taɓa yin irin wannan a Mega Drive, inda furosesar Z80 ta tsohuwar Master System ta koma kula da sauti.

An sayar da PlayStation 2 sama da miliyan 155, abin da ya sa ta shiga sahun gaba a tarihin na'urorin gem. Wannan nasara ce ta zama kaya a kan magajiyarta, domin mutane masu tarin fayafai sun sa ran ba za a bar su a baya ba.

Cell: ƙarfi mai tsada

Zuciyar PlayStation 3 furosesa ce mai suna Cell, wadda Sony da Toshiba da IBM suka haɗu suka ƙera. Tana da babban sashe ɗaya na dangin PowerPC, da ƙananan sassa takwas masu saurin lissafi. Daga cikin takwas ɗin an kashe ɗaya da gangan, domin ko an sami aibi a sashe guda wajen ƙira ba sai an zubar da furosesar gaba ɗaya ba. An ware wani ɗaya ga manhajar da ke tafiyar da na'urar, shida suka rage wa masu yin wasanni. Kowane ƙaramin sashe yana da 'yar ma'ajiyarsa ta kilobait 256, kuma mai rubuta wasa ne da kansa zai tsara yadda bayanai za su shiga su fita. A takarda ƙarfin ya wuce na tsara. A aikace kamfanonin wasanni da dama sun sha wahala, har wasu wasannin suka fi kyau a Xbox 360 ta Microsoft, wadda ta riga ta fitowa da shekara guda kuma ta fi ta araha.

Cell ba ta da dangantaka da Emotion Engine, furosesar PlayStation 2, kuma ba a iya kwaikwayon tsohuwar na'urar da manhaja yadda ya kamata a lokacin ba. Saboda haka Sony ya dasa Emotion Engine da aisin zana hoto na PlayStation 2, mai suna Graphics Synthesizer, a cikin samfuran farko da aka sayar a Japan da Amurka. A wannan karon sassan ba su da wani aiki na biyu. Zaune kawai suke suna jiran tsohon faifai.

Ga kuma na'urar karanta faifan Blu-ray, wadda a lokacin sabuwa ce mai tsada. An sa wa samfurin gigabait 20 dala 499, na gigabait 60 kuma dala 599. Kamfanin nazarin kasuwa na iSuppli ya warware na'urar ya ƙiyasta cewa haɗa ƙaramar na cin kimanin dala 805, babbar kuma kimanin dala 840. Ke nan Sony na asarar sama da dala 300 a kan ƙaramar, da sama da dala 240 a kan babbar. Sayar da na'urar gem a kan asara ba sabon abu ba ne, domin riba tana fitowa ne daga kason da kamfani ke karɓa a kan kowane wasa da aka sayar. Sai dai wannan lissafi yana da wani gefe da ba a cika faɗa ba: mutumin da ya sayi na'ura ya zura tsohon faifansa bai kawo wa kamfani ko sisi ba.

Daga nan aka fara zaftarewa. Samfurin da ya isa Turai a watan Maris na 2007 babu Emotion Engine a cikinsa, an maye gurbinta da manhajar kwaikwayo, an bar aisin hoto kawai, kuma wasannin da ke tafiya lafiya suka ragu. A ƙarshen 2007 aka fito da samfurin gigabait 40 a kan dala 399, wanda aka cire masa aisin hoton ma, aka rage ramukan USB daga huɗu zuwa biyu. Karɓar fayafan PlayStation 2 ta ƙare daga nan. Na PlayStation ta farko kuwa sun ci gaba da aiki a dukkan samfura, saboda tsohuwar na'urar ba ta da ƙarfin da zai gagari manhaja. Daga baya Sony ya riƙa sayar da zaɓaɓɓun wasannin PlayStation 2 a shagonsa na intanet, masu tafiya da manhajar kwaikwayo, amma wanda ke da faifan wasan sai ya sake biya.

Adalci ne a ce rage farashin ya ceto na'urar, domin a ƙarshe an sayar da sama da miliyan 87. Amma wanda ya biya kuɗin ceton shi ne mai tarin tsofaffin fayafai.

Bashin da Cell ta bari

Lokacin ƙera PlayStation 4, wadda ta fito a 2013, jagoran ƙirarta Mark Cerny ya zagaya kamfanonin wasanni yana tambayar abin da suke so. Sakamakon shi ne furosesar kamfanin AMD ta dangin x86, irin na kwamfutocin gida, da ma'ajiya guda ta gigabait 8, a kan dala 399. Masu yin wasanni sun huta. Sai dai sassan sabuwar furosesar suna gudu ne a gigahaz 1.6, yayin da na Cell ke gudu a 3.2, don haka maganar kwaikwayon PlayStation 3 da manhaja ba ta taso ba. Wasanni irin su Metal Gear Solid 4 na 2008 sun shafe sama da shekara 15 a kulle, ba sa aiki a kowace na'ura sai PlayStation 3.

PlayStation 5 ta 2020 ta zauna a kan x86 da AMD, shi ya sa take karɓar kusan dukkan wasannin PlayStation 4 sama da 4,000. Hakan ma da farashinsa. Aisin hotonta yana da rukunin lissafi 36, daidai da na PlayStation 4 Pro, alhali Xbox Series X tana da 52, kuma masu nazari da dama na ganin buƙatar yin shigar tsohuwar na'ura na cikin dalilan tsayawa a wannan adadi. Sony ya cike giɓin ne da ɗaga saurin aisin. Wasannin PlayStation 3 kuwa ana samun su ne a PlayStation 5 ta hanyar yaɗowa kai tsaye daga kwamfutocin Sony, da biyan kuɗin rajista, a ƙasashe ƙalilan da babu Najeriya ko Nijar a cikinsu.

Yadda sauran suka yi

Nintendo ya daɗe a hanya ta uku. Wii ta 2006 kusan GameCube ce da aka ƙara wa sauri da rabi, don haka tana karɓar fayafanta ba tare da wahala ba, ga araha a dala 249, amma ba ta iya fitar da hoto mai tsabtar HD. An sayar da sama da miliyan 100. Wii U ta ci gaba a kan dangin, ba ta yi kasuwa ba, sai Switch ta 2017 ta koma furosesar Nvidia ta yanke igiyar gaba ɗaya.

Microsoft ya fito da Xbox One a 2013 ba ta karɓar komai na baya. A 2015 ya sanar da cewa injiniyoyinsa sun gina kwaikwayon Xbox 360, aka fara da wasanni 104. Tsarin yana da sharaɗi: faifan da ke hannun mutum makulli ne kawai, ainihin wasan da aka gyara sai an sauko da shi ta intanet, kuma kowane wasa sai mai haƙƙinsa ya yarda. A watan Nuwamba na 2021 kamfanin ya ce ya tsaya, yana mai kafa hujja da matsalolin lasisi da doka da fasaha. Wasan da lasisin waƙoƙinsa ko motocinsa ya ƙare, ko kamfanin da ya yi shi ya rushe, yakan maƙale ko da injiniyoyi za su iya tayar da shi.

Wane ne mai wasan?

A nan maganar ta bar hannun injiniyoyi ta koma ta haƙƙin mai saye. A 2010 Sony ya tura sabuntawar da ta cire damar sanya manhajar Linux a tsofaffin PlayStation 3 da mutane suka riga suka biya, abin da ya kai ga ƙarar haɗin gwiwa a Amurka da kuma biyan diyya. A 2021 ya sanar da rufe shagon intanet na PlayStation 3, sannan ya janye bayan ƙorafi ya yi yawa. Nintendo ya rufe shagunan Wii U da 3DS a watan Maris na 2023, Microsoft ya rufe na Xbox 360 a watan Yuli na 2024. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da suka fito a Amurka kafin 2010 ba a iya sayen su sababbi. A 2024 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi bai wa ɗakunan karatu izinin barin masu bincike su buɗe irin waɗannan wasanni daga nesa. A Turai, gangamin Stop Killing Games, wanda ya taso bayan Ubisoft ya kashe wasan The Crew a 2024, ya tara sa hannu sama da miliyan ɗaya domin neman Tarayyar Turai ta yi doka.

A ƙasashenmu, inda yawancin na'urorin nan ke shigowa a matsayin na hannu, kuma PlayStation 2 ta daɗe tana ciyar da masu gidajen gem da wasannin ƙwallon ƙafa bayan an daina yayinta a Turai, kowace ƙira da ta mayar da wasa kan intanet tana ƙara kuɗin data a kan kuɗin man janareta. Na'urar da ke karanta faifai da kanta tana aiki ko kamfani ya rufe shagonsa.

Mai neman PlayStation 3 da ke karɓar fayafan PlayStation 2 a kasuwar kayan hannu zai gane ta da ramukan USB huɗu a gabanta. Mai biyu ba ta karɓa, haka ma duk siraran samfuran da suka fito daga 2009. Lambar da ke bayanta tana ƙara bayani: CECHA da CECHB su ne masu cikakkun sassan tsohuwar na'ura, CECHC da CECHE rabi sassa ne rabi manhaja. Waɗannan huɗun su ne mafi tsufa, sun fi sauran shan wuta da ɗaukar zafi, kuma su ne suka yi ƙaurin suna da mutuwar da ke farawa da ƙiftawar 'yar fitila rawaya.